Yadda na nemi shekarun sarakunan makiyaya na kwarin Katmandu

Aikin da malaminmu ya ba mu a farkon zango bai yi kama da mai wuya ba. Kowa zai ɗauki gidan sarauta guda daga cikin waɗanda ba a san su ba sai ta jerin sunaye, ya zana jadawali mai gida uku: sunan sarki, tsawon mulkinsa, da shekarar hawa da ta sauka a lissafin miladiyya. Kowace lamba kuma sai an kare ta da hujja. A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi a wata jami'a da ke arewacin Indiya, ni kaɗai ne Bahaushe a ajin. 'Yan ajin suka yi wawason gidajen sarautar yankunansu. Ni kuwa ina bin takardar da yatsa sai na ga an rubuta Gopala, Nepal, an kuma fassara a gefe cewa masu kiwon shanu ne. A gidan da ake tatsar nono da asuba na tashi, kawuna har gobe yana da garke, don haka ban yi shawara da kowa ba na ce wannan nawa ne. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce in na cike gida na uku, shi zai riƙa saya mini shayi har in gama karatu. Sai daga baya na gane zolayata yake yi.

Makon farko ya tafi a banza, kuma laifina ne. Na shiga ɗakin karatu na nemi Gopala, na faɗa kan wani sarki mai wannan suna wanda ya kafa daular Pala a Bengal wajen shekara ta 750. Na cika shafi goma sha biyu ina murna aiki ya zo da sauƙi, kafin wata 'yar ajinmu ta leƙa littafina ta ce wannan ai mutum guda ne, nawa kuwa zuri'a ce, kuma can cikin duwatsu take. Na yage shafukan na sake lale.

Tushen labarin nawa wani kundi ne da ake kira Gopalarajawamshawali, ma'ana jerin sarakunan Gopala. An rubuta shi a kan ganyen wata bishiya dangin giginya a ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Sarki Jayasthiti Malla wanda ya yi mulki daga 1382 zuwa 1395. Wani ɓangare da Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, aka rubuta shi, wani da tsohon harshen Newar, mutanen kwarin. Wani Bature ɗan Ingila, Cecil Bendall, shi ya gano shi a ɗakin ajiyar littattafan fadar Katmandu a ziyararsa ta 1898 zuwa 1899, yanzu kuma yana gidan adana kayan tarihi na ƙasar. A 1985 masana biyu 'yan Nepal, Dhanavajra Vajracharya da Kamal Malla, suka buga shi da hoton kowane ganye da fassara. Wannan bugu na samu, na kwana uku a kansa.

Abin da kundin ya ce game da mutanena bai kai tsawon hannu ba. Kwarin kurmi ne, makiyaya suka shigo da shanunsu. Wata saniya mai suna Bahuhri, ta wani makiyayi da ake kira Nepa, kullum sai ta zame daga garke ta tafi bakin kogin Bagmati ta zubar da nononta a wani rami. Makiyayin ya bi ta, ya haƙa wurin, sai ga alamar Pashupati, abin bautar da har yau shi ne mafi girma a wurin mabiya addinin Hindu na ƙasar. Daga nan sai sunaye takwas da shekarunsu. Bhumigupta 86, Jayagupta 73 da wata uku, Dharmagupta 91, haka har na takwas mai 71. Jimla shekara 505 da wata uku. Sai makiyayan ɓauna, Mahishapala, suka ci su da yaƙi, sarakuna uku suka yi shekara 161. Sai Kirata, sarakuna 32, suka yi fiye da shekara 1,900. Bayansu ne ake gangarowa zuwa gidan Licchavi, inda tarihin da ake iya taɓawa da hannu ya fara.

Gida na ɗaya da na biyu sun cika cikin minti goma. Na ce to, saura na uku, kuma na san dabarar. Mu ma da ita aka sa wa sarakunan Kano shekaru: shekarar 999 da ake ba Bagauda ba a rubuce take a Tarihin Kano ba, wani Baturen mulki, Palmer, ne ya samo ta a 1908 da ya tara tsawon mulkin sarakuna yana ƙirgawa da baya. Na nemi turken da zan ɗaure igiyata. Akwai wani mutum-mutumin sarki Jayavarma da aka tono a unguwar Maligaon ta Katmandu a 1992, wanda mafi yawan masana ke karanta shekarar da ke jikinsa a matsayin 185 miladiyya. Na tara 505 da 161 da 1,900, na samu sama da 2,500, na cire daga nan. Sai ga Bhumigupta ya hau mulki wajen shekara 2,400 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'ilin da ake gina dalar Masar. Na zauna ina kallon lambar, raina bai kwanta ba.

Na raba 505 gida takwas, kowane sarki ya tashi da shekara 63. Na raba na Kirata, kusan 60 kowannensu. A ce uba ya yi shekara 86 a kan gado, ɗansa ya gaje shi ya yi 73, jika ya yi 91. Ko da a ce kowannensu yana goye aka naɗa shi, sai uban ya haife shi yana tsoho tukuf, kuma a yi haka sau takwas a jere ba wanda zazzaɓi ya ɗauke ko doki ya kayar. Duk wanda ya taɓa ƙirga sarakunan garinsu ya san in an haɗa masu dogon zamani da masu gajere, da wuya matsakaicin ya wuce shekara ashirin.

Sai na koma ga sauran jerin, don ba kundi ɗaya ba ne. Wanda likitan ofishin wakilin Ingila a Katmandu, Daniel Wright, ya buga a 1877, wanda a gaskiya malaman ofishin biyu 'yan yankin ne suka yi wahalar fassara shi, ya ce sarakunan takwas ne amma shekara 521 suka yi. Na farkonsu a nan Bhuktaman ne mai shekara 88, na ƙarshe Yakshagupta. William Kirkpatrick, wanda ya shiga ƙasar a 1793, ya kawo 491. Har yadda gidan ya ƙare an saɓa: tsohon kundin ya ce yaƙi ne, na Wright ya ce Yakshagupta bai bar ɗa ba, sai wani makiyayi daga filayen Indiya ya zo ya karɓa. Labarin saniyar ma ya ƙara kitse a hanya. A na Wright, hasken da ya fito daga ramin ya ƙone makiyayin ƙurmus, wani waliyyin Hindu mai suna Ne ya naɗa ɗansa sarki, kuma wai daga Ne ɗin aka samo sunan Nepal, ƙasar da Ne ke kiwo. Amma da na jera lambobin kafaɗa da kafaɗa na ga abin da ya hana ni watsar da su gaba ɗaya. Manigupta, ɗaya daga cikin takwas ɗin, shekara 37 ne a tsohon kundin, 37 ne a na Wright. Sarki na takwas 71 ne a nan, 71 ne a can, duk da sunan ya canza. Masu kwafe sun yi ƙarni biyar suna miƙa wa juna waɗannan lambobi da amana, suna tuntuɓe nan da can. Amanar kwafe daban, gaskiyar abin da aka kwafa daban.

Daren nan na kira Kawu. Bayan gaisuwa da tambayar damina na ce, "Kawu, in saniya ta dawo daga kiwo hantsarta fayau, kullum kullum, me za ka ce?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, karatun da aka tura ka yi ke nan? Ko maraƙi ya tsotse, ko yaron kiwo ya tatse ya sayar. In ka tambayi yaron kuma zai ce maka maciji ne." Na ba shi labarin Bahuhri. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce wanda ya fara ba da wannan labari ya san shanu, don ba abin da ke sa makiyayi ya bar garke ya bi saniya guda a ɓoye kamar nonon da ya ɓace. Ya ƙara da cewa in gaishe da mutanen, in na je.

Zuwan kuwa sai da ya ɗan ja ni. Nepal tana ba mafi yawan baƙi biza a filin jirgi, amma Nijeriya na cikin 'yan ƙasashen da ba a yi wa haka, tare da Gana da Kamaru. Dole na bi ta ofishin jakadancinsu da ke Delhi da takardar makaranta da shaidar masauki da tikitin dawowa. Na samu bizar kafin hutun Diwali, bikin fitilu na mabiya Hindu. Tafiyar jirgi ba ta kai awa biyu ba, agogo kuma aka ce in tura shi gaba da minti goma sha biyar kacal, abin da ban taɓa ji ba.

Daga sama ake gane kwarin. Kamar akushi yake, duwatsu sun kewaye shi, ƙasansa shimfiɗe a tsayin kusan mita 1,400 daga teku. Na iske ana bikin Tihar, wanda shi ne Diwalin can, kwana biyar. Ranar farko ta hankaka ce, ta biyu ta kare, ta uku ta saniya. Da safiyar ta uku na ga mata sun rataya wa wata saniya furanni ruwan ɗorawa a wuya, sun shafa mata jan gari a goshi, suna ba ta abinci a tire, ita kuwa tana taunawa ba ruwanta. Doka ta hana yanka saniya a ƙasar. Naman da ake ci a kwarin na ɓauna ne, irin ta gida mai son laka, ba tamu ta daji ba. Ni dai na tsaya kan shinkafa da miyar wake da suke kira dal bhat, sai in na je wajen masallatan da ke kusa da hasumiyar agogo inda ake samun yankan Musulmi. A Bhaktapur na sha kindirmon ɓauna da suke kafawa a kaskon yumɓu, juju dhau, wai sarkin kindirmo. Ya fi namu kauri da zaƙi, amma ban ce ya fi shi daɗi ba. Washegarin ranar saniya kuma ita ce sabuwar shekarar Newar, kalandar da ta fara a 879, kuma da ita marubucin kundina ya ƙirga abubuwan zamaninsa.

Gidan bautar Pashupati na fara zuwa, yana dab da filin jirgi. Ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga harabar ciki, ni ma ba shiga na zo yi ba. Na haye gada na zauna a kan matakalan tsallaken Bagmati, inda ake hango rufin zinariya mai hawa biyu, a ƙasa kuma ana ƙona gawa a bakin ruwa. Kogin ƙarami ne a wannan lokaci, yaro zai iya tsallake shi da ƙafa. Bayana kurmin Mrigasthali ne, birai ko'ina. Na yi ta neman abin da zan ce ya rage daga zamanin Nepa, ban samu ba. Ginin na zamanin Malla ne, an sake shi a ƙarshen ƙarni na 17. Dutsen bautar da ke ciki ma ba na farko ba ne, kundin da kansa ya faɗa cewa Sultan Shamsuddin na Bengal ya shigo kwarin a 1349 ya fasa shi gida uku.

Wannan ya dawo da ni kan wani abu da na lura da shi tun a ɗakin karatu ban ba shi muhimmanci ba. Marubucin yana da murya biyu. In yana maganar abin da ke kusa da shi, shekara yake bayarwa da wata da rana: girgizar ƙasar 1255 da ta kashe Sarki Abhaya Malla, yunwa, annoba, wa ya kai wa wa hari, wa ya ba gidan bauta kyauta. In ya koma farko kuwa sai suna da lamba, suna da lamba, kamar mai karanta addu'ar da ya hardace. Na ɗauki muryoyin biyu da nauyi ɗaya, shi ne kuskurena na biyu.

Chobhar ban daɗe ba. Tsaga ce a jikin dutse a kudu inda Bagmati ke ficewa daga kwarin. 'Yan Buddha sun ce wani waliyyinsu, Manjushri, ne ya sare dutsen da takobi tafkin da ya cika kwarin ya tsiyaye, 'yan Hindu sun ce Krishna ne, wanda shi ma makiyayin shanu ne a labarinsu. Masana ƙasa sun tabbatar tafkin ya wanzu, sai dai ya ƙafe dubban shekaru kafin kowane garke. Baƙar laka da ya bari ita ce arzikin kwarin. Makiyayin da ya leƙo daga kan dutse ya ga wannan fadama ba ya buƙatar waliyyi ya ce masa ya sauko.

Matatirtha tana kudu maso yamma, kusa da Thankot, a gindin tsaunin Chandragiri. Nan jerin Wright ya ce sarakunan Gopala suka zauna. Na je da tunanin ko zan ga tudun tsohuwar ganuwa irin na kufai. Tafki na samu ɗan ƙarami da aka gina wa matakala, da bututun dutse masu zubo ruwa. Labarin wurin shi ma na makiyayi ne, wanda mahaifiyarsa ta rasu ya ga fuskarta a cikin ruwan. Duk shekara, a duhun watan Baisakh, wajen Afrilu ko Mayu, waɗanda suka rasa uwa kan taru nan. Wani dattijo mai sayar da shayi ya ce mini in ina neman Gopali, ai suna nan da ransu, a Thankot da Machhegaun, da bayan dutse a Chitlang da Tistung da Kunchha. Reshe ne na Newar, suna da nasu karin harshe, suna kuma cewa su ne jikokin makiyayan farko. Ta wannan kusurwa tsohuwar hanyar ƙafa daga Indiya ke shigowa kwarin. A Tistung ɗin kuma akwai rubutun dutse na shekara ta 512 da ke buɗewa da gaisuwa ga "mutanen Nepal", kamar sunan wata al'umma ce da ke zaune a wurin. Ban haura dutsen ba, kuɗi da kwanaki sun gaza, amma na sa wannan a takardata a matsayin hujja mafi ƙarfi da na samu: jerin sarakuna, da rubutun dutse, da mutanen da ke raye, duk suna nuna kusurwa guda ta kwarin.

Rana ta biyar na hau tudun Changu Narayan a gabas. A harabar akwai ginshiƙin dutse da Sarki Manadeva ya kafa a 464. A nan na ga yadda sarki yake in yana da shaida. Ya faɗi sunan ubansa Dharmadeva da kakanninsa, ya faɗi yadda mahaifiyarsa Rajyavati ta so bin mijinta cikin wutar ƙona gawa ya hana ta, ya faɗi yaƙin da ya kai gabas da yamma. Ga shekara, ga wata. Tsakanin wannan dutse da rubuta kundina akwai shekara sama da 900. Gopala kuwa ba su da dutse ko ɗaya, ba kuɗin ƙarfe, ba harsashin gini. Tonon da masana 'yan Italiya suka yi a Hadigaon a shekarun 1980 ya kai ga zaman mutane na wajen ƙarni na ɗaya kafin miladiyya, bai fito da sunan sarki makiyayi ba.

Abu na ƙarshe ya zo mini ne a Budhanilkantha, arewacin birni, inda wani gunkin Vishnu, abin bautar Hindu, mai tsawon kusan mita biyar, da aka sassaƙa daga dutse guda, ke kwance a cikin tafki. Ana danganta shi da Vishnugupta, wajen 640. Na buɗe littafina: sarki na bakwai a jerin Gopala sunansa Vishnugupta. A ƙarni na 6 da na 7 wani gida da ake kira Abhira Gupta ya riƙe ragamar mulki a bayan sarakunan Licchavi, rubuce-rubucen dutse sun ambaci Bhaumagupta da Jishnugupta da Vishnugupta, Abhira kuwa a Indiya sunan makiyaya ne. Bhaumagupta, Bhumigupta. Na riga na karanta cewa wasu masana na zargin sunayen waɗannan ne aka kwasa aka kai farkon tarihi, amma sai da na tsaya gaban aikin mutumin na ji nauyin zargin. Ga kuma wata matsala: sunaye masu ƙarewa da gupta Sanskirit ne tsantsa, alhali mafi yawan sunayen garuruwa da rafuka da ke cikin rubutun Licchavi ba Sanskirit ba ne, daga harsunan mutanen dutse suke. In mutanen farko sun bar wa rafuka suna da harshensu, da wuya shugabanninsu su amsa sunan fadar Indiya.

Da na koma makaranta na rubuta shafi goma sha takwas. Na ce a ganina makiyaya sun zauna a kudu maso yammacin kwarin tun kafin Licchavi, kuma shugabanninsu sun fi kama da arɗo mai raba mashaya da makiyaya fiye da sarki mai fada, na kuma bayyana cewa wannan kwatance nawa ne daga gida. Na ce sunayen takwas mai yiwuwa aro ne daga gidan Abhira Gupta, shekarun kuwa an miƙe su ne don jerin ya kai farkon zamanin Kali, wanda lissafin Hindu ya ajiye a 3102 kafin miladiyya, kuma da shi kundin ya buɗe labarinsa. Jadawalin na sa shi a shafin ƙarshe, gida na ɗaya da sunaye biyu biyu inda aka saɓa, gida na biyu da lambobin 505 da 521 gefe da gefe. Gida na uku na ja masa layi daga sama har ƙasa.

Malam ya karanta a gabana, ya tsaya a kan arɗo ya sa na yi masa bayani har sau biyu, ya rubuta kalmar a bayan hannunsa. Ya rage mini maki biyu saboda ban je Tistung ba. Sannan ya miƙe ya ce in zo mu sha shayi, amma ni zan biya, tunda ban cike gidan ba.